Muryar Delphia a Rediyo

Tun da jami'ar garinmu ta ɗauko sabon kocin ƙwallon kwando, teburin ƙarshe a gidan abincin Garnett bai ƙara samun zaman lafiya ba. Kocin yana son wasan gudu da jifa daga nesa, ga shi kuma ya gaji Dontrell, zabgegen yaron da sai ya sunkuya yake shiga ƙofa, amma gudu ba nasa ba ne.

Ran Talata da safe muna shan kofi, Verlin mai gyaran tarakta ya buga tebur.

"A ajiye shi a benci kawai! Kafin ya ƙetare tsakiyar fili an jefa ƙwallo har an dawo."

"Kai dai kanka ba ya ja," in ji Odell, tsohon direban motar kwal. "Ka samu bishiya a gindin kwando, ka ce a sare? Kocin ne zai rage wannan guje-gujen."

Garnett ya ƙara muryar rediyo, domin an fara shirin da masu sauraro ke bugo waya. Mai shirin ya ce ga wata baiwar Allah a kan layi.

"Ni fa na gaji da jin shirme," in ji matar.

Kofin Verlin ya tsaya a iska. Muka kalli juna. Delphia ce, matarsa, wadda in an kunna wasa take kwashe ɗinkinta ta koma kicin.

"Ku bar zancen ƙafar yaron, ku dubi hannunsa. Duk ƙungiyar babu mai miƙa ƙwallo kamarsa. A jawo shi nesa da kwando ya riƙa rabawa, ƙananan su yi ta kutsawa ta bayansa. Maigidana kullum sai ya ce a ajiye shi. Da ana ajiye mutum don nauyin jiki, ai da shi ma tuni yana benci."

Mai shirin ya fashe da dariya. A teburinmu Odell ya saki baki, ƙwai na zamewa daga cokalinsa.

"Verlin, Delphia ce fa."

"Na ji."

"To yaushe ta..."

"Na ce na ji!"

Ya tashi ya fita, ko hularsa bai ɗauka ba. Daga baya ya faɗa mana ya same ta tana ɓarar wake, ya tambaye ta ina ta san wannan. Ta ce akwai ƙaramar talabijin a kicin, can kuma ba mai yi mata ihu a kunne. Ashe ta buga ƙwallon a sakandare kafin su haɗu. Ya rantse bai taɓa sani ba, ta ce bai taɓa tambaya ba.

Ran Asabar Verlin ya kira Odell, wanda suka saba zuwa kallo tare, ya ce ya yi haƙuri, tikiti na biyu ya samu mai shi. A wurin Garnett muka kalli wasan a talabijin. Dontrell ya wuni a benci, aka lallasa mu. Ana dab da tashi kyamara ta hasko Delphia a tsaye cikin 'yan kallo, tana nuna koci da yatsa, Verlin na jan gefen rigarta.