Jirgin Asabar

"To je ofis ki faɗa musu mana! Ga hanya nan," in ji Teófilo.

"Ka ɗauka ba zan iya ba?" in ji Hermelinda. Tana goge masa rigar aiki, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Jiya gishiri ka zuba a kofi, tsoho. Gishiri."

"Gwangwanayen ne iri ɗaya."

"Ɗaya ja ne, ɗaya fari."

Yanar da ta rufe masa idon dama ta fara taɓa na hagu, kuma duk unguwar Villa El Salvador ba wanda ya sani sai matarsa. A wurin aiki ma ba su sani ba. Lokacin da aka yi musu gwajin ido abin bai yi ƙarfi haka ba.

Tun yana saurayi aka ɗauke shi tuƙin jirgin ƙasa mai lantarki. Aka shimfiɗa ɗan guntun layi, aiki ya tsaya, aka bar ginshiƙan gadar layin tsaye cikin gari ba komai a kansu. Jirgi kuwa in ya zauna tsatsa za ta ci shi. Sai aka ce ya riƙa fito da shi duk Asabar, ya kai inda layin ya yanke, ya dawo. Ba fasinja ko ɗaya. Haka ya yi furfura. Direbobin bas kan danna masa hon daga ƙasa suna ihu, "Don Teo, yau ma ka cika? A rage mana mutum biyu!"

Yanzu an ƙarasa layin. Yau za a fara ɗaukar mutane.

"Duk rayuwata kujeru na yi ta kaiwa yawo," ya ce. "Sau ɗaya tak, Linda. In kai mutane cikin birnin Lima, in dawo, in ajiye musu aikinsu."

"Kujera ba ta da 'ya'ya a gida."

Ta miƙa masa rigar. Ya sa, ya fita, bai taɓa burodinsa ba.

Tashar ta cika maƙil. 'Yan badujala, mata da jakunkunan kasuwa, wani dattijo yana kuka yana dariya. Teófilo ya shiga ɗakin tuƙi ya rufe ƙofa. Mutane suka tuɗaɗo ciki, ya ji jirgin yana ɗan nutsewa a ƙarƙashin ƙafarsa. Bai taɓa jin haka ba. Ashe da can jirgin ba shi da nauyi.

Aka ƙwanƙwasa gilashin gefensa. Da muryarta ya gane ta, ba da fuska ba.

"Ban je ofis ba," in ji Hermelinda. Rigar cocinta ce a jikinta. "Tunda ka ce kana gani, ni ma kai ni. Ina nan bayanka."

Ta shiga taragon farko.

Ya juya gaba. Hazon teku ya kwanta a kan layin. Can ƙarshen dakali akwai fitilar ba da hannu. A da bai damu da ita ba, don ba wani jirgi a layin sai nasa. Yau akwai wasu. Ya rufe idon dama, ya ƙura na hagu. Haske dai yake gani, ya bazu kamar ɗigon mai a ruwa. Ja ne ko kore, ya kasa ganewa.

Ƙofofi suka rufe. Hayaniya ta lafa. Hannunsa na kan ƙarfen tuƙi.

Rediyon ɗakin ya yi ƙara.

"Don Teo, lokaci ya yi. Me kake jira?"