Jakar Tsohuwar Lema

Edita ta dire jakar a kan teburinsa, kusa da kofin shayin da bai kai ga kurɓa ba.

"Malam, ka san wannan?"

Ya sani. Jakar ratayawa ce da aka ɗinka da yadin tsohuwar lema, maɗaurin lemar da maɓallinsa su ne marufi. Ya san har teburin da aka yanka ta a kai, domin a nan yake karya kumallo kowace safiya.

"Kamar na taɓa gani," in ji shi.

"Kamar? Duk yarinyar da na gani a bas yau da ita take rataye. Ƙanwata biyu ta saya. A kanta nake son shafinka na wannan makon, ƙarfe uku ya hau intanet." Ta juya za ta tafi, sai ta dawo ta rage murya, domin shi ya koya mata aikin tun ba ta iya buɗe labari ba. "Masu jaridar sun sake tambayar amfanin shafin. In wannan karon ma bai ja mutane ba, tallar katifa za a sa a wurin."

Shekara goma sha tara ke nan yana rubuta shafin "Me Ake Yayi?". Ya fara da baƙin gashi da siririn wando, yanzu sai ya huta sau ɗaya kafin ya kai hawa na uku. Matasan garin kuwa sun daɗe da raɗa masa suna Ajali, kuma ba zaluntarsa suka yi ba. Ya yabi wando mai aljihu takwas ranar Alhamis, kafin Litinin kawunnai kaɗai ke sa shi. Ya yi rubutu a kan wata rawar kafaɗa, har da zane, bayan mako biyu ya ga manajan banki yana yin ta a walimar ritaya. Akwai wani mai aski da ya ƙirƙiro tsaga mai kama da walƙiya, ya yi hira da shi shafi guda cur. Yanzu mai askin cajar waya yake sayarwa a bakin gada.

Ba mugunta ce ba. Yabo yake yi tsakani da Allah, kuma nan cutar take. Iyaye su karanta, su ce ashe abin ba laifi, har su saya wa kansu. Daga nan sai jana'iza.

Mai ɗinka jakar kuwa Auta ce, 'yarsa. Shekara biyu ta yi tana yawon neman aiki bayan ta gama karatu, har takardunta suka yi laushi kamar tsumma. Daga baya ta daina fita. Ta saki labule, ta daina ɗaga waya, abinci ma sai kowa ya tashi take fitowa ta ci a tsaye. Wata huɗu da suka wuce iska ta karya masa lema, ya jefa ta kwandon shara, Auta ta tsamo ta zauna a kan keken ɗinkin uwarta. Yanzu da safe har dariya take yi. Shi kuma tsoro yake ji, tsoro na gaske, kada alƙalaminsa ya mayar da ita bayan labulen nan.

Ya ɗauki littafinsa ya fita neman wani abin yayi da zai yanka a madadin nata.

A cikin bas ya ƙirga jakunkuna bakwai, ya kau da kai daga kowacce kamar ya ga suruka. Ya sauka a ƙofar babbar kwalejin garin, inda ya saba farauta. Ƙafarsa na taɓa ƙasa wani ya ɗaga murya.

"Ajali ya sauka!"

Wani saurayi ya cire hularsa ya cusa a aljihu. 'Yan mata biyu da ke gwada wani taku suka koma tafiya irin ta kowa. Ya saba. Ya hango wani dogon yaro sanye da baƙin tabarau mai gilashi ɗaya, ɗaya idon a waje, sai zuciyarsa ta yi sanyi. Ya buɗe littafi ya nufe shi.

"Samari, wannan mai ido ɗayan, yaushe kuka fara shi?"

"Faɗuwa na yi, Baba."

Ya rufe littafin.

Can wasu su huɗu suka yi shawara, suka turo masa ɗayansu, wata gajeriyar yarinya mai ɗauke da kundin zane. Ta gaishe shi da ladabi.

"Baba, alfarma muke nema. Gaisuwar nan ta buga gwiwar hannu sau uku, don Allah ka yi rubutu a kai. Wallahi mun gaji, hannunmu ya yi tsami, kuma ba wanda yake so a ce shi ya fara bari."

"In yaba ta sosai?"

"Yadda ka saba dai, Baba."

Ya kira Edita a waya ya ce ya samo babban labari. Ta saurare shi har ƙarshe, sannan ta ce, "Jaka, Malam," ta kashe.

Tsallaken titi akwai wata mai tebur da ke sayar da matajai, rigunan waya da 'yan kunne. Sun san juna tun tana goyon ɗan da yanzu yake tuƙa mota. Tana ganin ya tsallako ta ja wani tsohon zani ta rufe kayanta, sannan ta yi masa sannu da zuwa ta tura masa benci.

"Har ke ma, Yaya?"

"Zumunci daban, sana'a daban, Malam. Ban manta da awarwaron roba ba. Buhu guda yana nan a ƙarƙashin gadona."

Ya zauna yana fifita da littafi. Sai ya lura da abu ɗaya da ba ta rufe ba, wani dami na igiyoyin takalmi ruwan ɗorawa da ke rataye a ƙusa.

"Wannan fa? Kin manta da shi."

"Wannan ya fi ƙarfinka," in ji ta. "Shekara uku ke nan da shugaban kwalejin ya hana shi. Ya tara ɗalibai a fili, ya ce alamar lalacewa ce, jijiyar wuyansa har tashi take. Tun daga wannan ranar, da igiyar nan nake ciyar da gida. Kullum addu'ata Allah ya ƙara masa lafiya, ya bar masa zafin ransa."

Ya daina fifita. Ya daɗe yana kallon igiyoyin, har ta tambaye shi ko lafiya. Ya miƙe ya ce lafiya lau, ya tsallaka titi bai ko duba hagu ba.

Ƙarfe ɗaya da rabi yana gaban kwamfuta. Aikin ya ba shi wuya fiye da zatonsa, domin yatsun sun saba da hanyarsu. Sau biyu yana rubuta "basirar 'ya'yanmu" yana gogewa. Daga ƙarshe ya tuno wani malaminsu na lissafi da bai taɓa gamsuwa da komai ba, ya ari bakinsa, sai magana ta zubo.

Ya sa wa rubutun kai: "Ina Muka Dosa? 'Ya'yanmu Sun Koma Rataya Shara". Ya ce a zamaninsu in lema ta mutu binne ta ake yi da mutunci. Ya ce duk uban da ya ga wannan jaka a gidansa ya bincika tarbiyyar da ya bayar. Ya yi kira ga shugabannin makarantu da su hana ta tun kafin abin ya gagara. Ya ƙara da cewa bincikensa ya gano a wani gida ake ɗinka ta, layi na uku bayan babbar tashar bas, kuma ba zai faɗi lambar gidan ba don kada ya taimaka wa ɓarna, amma ƙofar koriya ce.

Saura jimla ɗaya. Ya rubuta cewa ɗinkin ma karkatacce ne, aikin wadda ta rasa abin yi. Ƙarya ce, ɗinkin Auta ko da ma'auni ba za ka kama shi ba. Ya goge. Ya karanta daga sama, ya ga in babu jimlar, rubutun ba shi da haƙori. Ya mayar da ita.

Edita ta karanta a tsaye, ta sake karantawa a zaune.

"Malam, lafiya kuwa?"

"Girma ne ya zo."

Ƙarfe uku rubutun ya hau intanet. Kafin huɗu da rabi an yi masa sharhi fiye da duk wanda ya samu a shekara biyar, kuma babu na alheri ko ɗaya. Wani ya ɗauki hotonsa na kan shafin ya dasa masa karyayyiyar lema a ka. 'Yan mata suka shiga ɗora hotunansu da jakar, kowacce ta rubuta a ƙasa, "Ga sharata." Edita ta fito daga ofishinta fuska kamar gonar auduga.

"Shafi ya tsira! Amma fa daga yau haka za ka riƙa yi kowane mako. Ashe abin da muka rasa ke nan, dattijon da za a riƙa zagi."

Ya ce ya gode. Ya kwashe littafinsa, ya zubar da shayin da ya huce.

Rana ba ta faɗi ba ya isa gida. Maiɗakinsa na falo tana ninke kayan wanki. Shekara ashirin da bakwai suna tare, kallo ɗaya ta yi masa.

"Na karanta," in ji ta. "Har da launin ƙofa." Ta leƙa lungun ɗakunan, ta yi ƙasa da murya. "Kada ka kuskura ka gaya mata. Ka san bakinta. Cikin minti biyar za ta sa a waya cewa babanta gwani ne, shi ke nan kun haɗu kun kashe abin."

"Tana ina?"

Ba sai an amsa ba. Auta ta fito da tef ɗin awo a wuya, idanunta jawur, wayarta sai ƙugi take a hannu ba ƙaƙƙautawa. Ta gaishe shi kamar yadda ta saba, ba ta rage komai ba, kuma wannan ya fi masa ciwo.

"Baba, shekara goma sha tara kana yabon 'ya'yan mutane," in ji ta. "Har mai aski ka yaba."

Maganar ta taso masa har bakin leɓe. Ya ji idon maiɗakinsa a kan ƙeyarsa. Ya haɗiye.

"Aiki ne, Auta."

"To. Mutum tamanin da uku ne suka ce suna so tun ƙarfe uku. Zan ɗinka su duka, ko don ka gani." Ta share ido da bayan hannu, ta koma ɗakinta.

Yana nan tsaye a tsakar falo, ko takalmi bai cire ba, aka ƙwanƙwasa. Ya je ya buɗe. 'Yan mata uku ne, kowacce rungume da karyayyiyar lema.

"Sannu Baba, nan ne ake ɗinka jakar da tsohon nan ya zaga?" in ji ta gaban. Sai ta ƙura masa ido, ta dafe baki. "Lah! Shi ne!"

Wayoyi uku suka ɗago a tare. Ya gyara tsayuwa, ya haɗe gira, ya ɗaure fuska tamau, ya jira har sai da suka gama ɗauka.

"Allah ya shirye ku," in ji shi, ya matsa gefe. "Ɗaki na biyu a hagu. Ku kula da dokin ƙofa."