Maɗatan Uwa Ɗaya

Mai Tsani ya tsaya a bakin gandun daji, baki buɗe. Maɗatan da ya raina tun suna cikin leda, ya dasa su layi-layi da hannunsa, duk sun bushe daga kai, iri ɗaya, kamar wanzami ɗaya ne ya bi su. Ruwa ya makara bana, zafi ya yi abin da bai taɓa yi ba. Amma ai ko annoba takan bar na ba da labari.

Ƙanwarsa, wadda ke aiki a ofishin kula da daji, ta karya reshe. Ya karye ƙaras.

"Yaya, daga bishiya nawa ka ɗebo irin nan?"

"Nawa kuma? Ɗaya mana. Doguwar nan ta bakin rafi."

"Duka?"

"To karkatattu zan hau? Ke Auta, karatu ya juya miki kai ne? Babanmu in zai ajiye iri, zangarniyar da ta fi kowacce yake cirewa. Wa ke ajiye ramammiya?"

Ta dafe kai. "Innalillahi! Yaya, hatsi duk shekara ake sake zaɓe, bishiya kuwa sai ta ga jikokinka. Waɗannan 'ya'yan uwa ɗaya ne, uwar kuma ƙafarta cikin ruwa ta girma, ba ta san ƙishirwa ba. Abin da ya kayar da ɗaya shi zai kwashe sauran."

Duk shekara yana jingina tsani da bishiyar da ta fi tsawo, yana hawa da ransa a hannu, don kada ya ba daji iri maras kyau. Da ragwanci ya yi, ya tsinci abin da ya zubo a gindin kowace bishiya, da yau wasu na tsaye.

"Ba a rasa duka ba," in ji ta. "Karkatattun nan na kan tudu, bara na hango su kore shar a tsakiyar fari. Su za mu bi, mu ɗebo kaɗan-kaɗan daga kowacce, mu gauraya."

Daga tudu aka jiyo kukan injin yankan itace.

"Yaya, me ake yankewa?"

"Na sa a cire su," ya ce a hankali. "Kada furensu ya ɓata wa doguwar zuri'a. Saura ɗaya."

Ta zubar da takalma ta ruga, yana biye yana haki. Suna tsakiyar hawa, ƙasa ta girgiza.

Mai inji ya tare su yana share gumi. "Maigida, an gama! Wannan tsohuwa ta ba ni wuya, taurin kai kamar surukata."

Ba wanda ya yi dariya. Bishiyar na kwance, ganyenta kore, rassan cike da 'ya'ya ɗanyu. Auta ta fasa ɗaya da dutse. Ƙwayoyin farare ne, ruwa-ruwa.

"Ba su nuna ba," ta ce. "Ba za su tsira ba."

"Kututturen fa?" in ji mai inji. "In cinna masa wuta kamar sauran?"

Mai Tsani ya taka ya zauna a kansa. Ya dubi ƙanwarsa.

"Yakan yi toho?"

"Wani sa'in."

"To kashe injin nan," ya ce. "Ka tafi da ashanarka."