Gaisuwar da Iya Sabar ta Ƙi Amsawa

Daren jiya wani mafarki ya yi wasa da ni, har yanzu in na tuna sai in kama dariya ni kaɗai. Amma bari in faɗi abin da na kwanta da shi a rai. Ni Ummahani, aikina lissafin amfanin gona a wani ofis a Zariya. Tun farkon mako manhajar da nake lissafi da ita ta daina isa wurin sabar, wato babbar kwamfutar da alƙaluman ofis duka ke ajiye a cikinta. In na danna sai ta yi ta juyi, can ta ce ta kasa haɗuwa. Ga shi gobe Juma'a sunan 'yar da ƙanwata Sa'ade ta haifa a Malumfashi, haihuwar fari, har an raɗa mini cewa ni za a yi wa takwara. Oga Garzali kuwa ya rantse ba inda zan taka sai rahoton masara ya hau teburinsa.

Sai na gan ni a ofis da rana tsaka. Komai yana nan yadda na bar shi, sai dai fankoki ne a tsaye, ɗakin ke juyawa. Oga Garzali ya zama talo-talo sanye da kwat. Ban yi mamaki ba, dama muryar tasa ce.

"Ummahani, ina masarata?"

"Ranka ya daɗe, sabar ce ta ƙi."

"To je ki ba ta haƙuri. Ki yi sauri, motar Malumfashi tana ƙanƙancewa."

Na leƙa ta taga. Wallahi gaskiya ya faɗa. Motar na bakin ƙofa, direba na kiran fasinja, ita kuma tana raguwa a hankali. Na sunkuya na goya kwamfutata a baya, na ɗaure da majanyi.

Mutari, injiniyan ofishinmu, a cikin filas ɗin shayi yake zaune. Na buɗe murfin, ya ɗago kai tururi na fita ta kunnuwansa.

"Anti, kin kashe kin kunna?"

"Mutari, ka ƙara yi mini tambayar nan ka ga in ban rufe ka ba."

Duk da haka ya nuna mini makunni a bango. Na danna, Zariya ta mutu gaba ɗaya, har da rana. Na sake dannawa ta dawo, amma Sabon Gari da Tudun Wada sun yi musayar wuri. Mutane suka ci gaba da cinikinsu.

"To ba daga nan ba ne," in ji Mutari. "Bi waya."

Na bi shuɗiyar waya. Ta ratsa ƙarƙashin ƙofa, ta haye wata bishiyar mangwaro, ta sauka a gindin katangar wuta da ke tsare sabar. Wutar na ci bal-bal, mata sun jeru suna gasa masara a jikinta. Mai gadin wurin wani kada ne da hular sanyi. Ya ce in kawo kalmar sirri. Na ciro ta daga jaka a ƙulle cikin leda, ya kwance ya sansana.

"Ba ta yi tsami ba," ya ce. "Wuce."

Daga nan sai ga ni a wani ɗaki mai sanyin tsiya. A tsakiya wata tsohuwa ce zaune kan tabarma, ta lulluɓa da bargo, tana tsince alƙaluma a faifai. Masu kyau ta zuba a ƙwarya, waɗanda suka yi girman da ya wuce hankali ta jefa wa kaji. Ba wanda ya gaya mini, na san Iya Sabar ce. Na durƙusa. Kafin in buɗe baki, kwamfutar da ke bayana ta leƙo ta kafaɗata.

"Iya, ina kwana? Ya aka ji da sanyi?"

Tsohuwar ta juya mana baya. Kwamfutar ta jira kaɗan, ta sake: "Ina kwana?" Shiru. Ta sake. Ashe abin da take yi ke nan tun Litinin, ni ina can ina zagin Mutari da mutanen lantarki. Na leƙa waje, motar Malumfashi ta koma kamar tukunyar miya. Hawaye suka zubo mini, suka bi goshina suka hau sama.

"Iya, don girman Allah me muka yi miki?"

Sai ta waiwayo. "Ke 'yar nan, da ke ba ni da faɗa. Amma dubi waje. La'asar ta yi, damina ta yi tsakiya, wannan abar ta shigo tana ce mini ina kwana, ya sanyi. Wa zai ba ajiya ga wanda bai san lokacin da yake ciki ba? Ko baƙo ne, ko ɓarawo."

Na sauke kwamfutar na kalle ta ido da ido. "Ke, yau yaushe?"

"Asubar farko ta watan Janairu," ta ce, ko kunya babu. Ta faɗi wata shekara da ko jami'a ban gama ba. "Tun da mai gyara ya cire mini batir ranar Lahadi, a nan na farka, a nan nake."

Kai, haushi da dariya suka haɗe mini. Na kama kunnenta na murɗa. Watanni suka riƙa zubowa daga bakinta, azumi ya wuce, Sallah ta wuce, aka yi shuka aka yi girbi, har muka iso yau. Ta yi atishawa, ta gyara murya.

"Iya, ina wuni? Ya ruwa?"

"Lafiya lau, ruwa ya yi gyara!" Tsohuwar ta washe baki. "Ya mutanen gidan? Ya Oga Garzali? Ya ƙafar Mutari?"

Suka shiga gaisuwa, ni kuwa ina tsalle a gefe, don motar ta koma girman ƙwai. Sai da aka tambayi lafiyar kowa har da injin buga takarda, sannan Iya ta juye mini masarar jihar gaba ɗaya a haɓar zani. Na kwasa a guje, alƙaluma na tsalle suna cizona. Na iske motar ta zama ƙwayar gero a ƙasa, direba na ihu da 'yar siririyar murya wai saura mutum ɗaya. Na ɗaga ƙafa zan shiga.

Ƙarar injin jan ruwa na maƙwabta ta tashe ni. Gari ya waye. Ko fuska ban wanke ba na jawo kwamfutar na buɗe, na kai ido can kusurwar ƙasa inda agogo yake. Ɗaya ga Janairu, ƙarfe sha biyu da 'yan mintuna. Na zauna a bakin gado na yi dariya har cikina ya ƙulle, sannan na lalubo waya na kira Malumfashi.

"Sa'ade, ki gaya wa takwarata ta yi wanka da wuri gobe. Ina tafe."