Kwamfutar Goggo Ta Ƙi Jin A'a

Aikin Dogo shi ne haɗa manhajoji cikin ƙunshi, yadda masu kwamfuta za su saka ba wahala. Shi ya saka wa goggonsa mai shagon ɗinki manhajar ajiye awon kwastomomi. Matsalarta guda: duk sanda aka ajiye awo sai ta buga ƙararrawa.

"Ɗan nan, shago gare ni, ba makaranta ba," in ji Goggo. "Jiya wata ta miƙe tsaye, ta zaci an tashi."

Dogo ya ce ƙaramin abu ne. A ofis ya buɗe makefile, fayil ɗin da ke faɗa wa kwamfuta yadda za ta gina manhaja. Akwai wurin zaɓi mai suna SAUTI. Ya rubuta a'a a gabansa, ya sake ginawa, ya kai shago ya saka.

Ƙararrawa ta buga.

Goggo ta dube shi ta saman tabarau, ta ci gaba da taka keke.

Washegari ya nuna wa abokiyar aikinsa, wadda ake kira Sarkin Gyara. Ta karanta layin da ke kula da SAUTI tana juya cokali a kofi.

"Wannan layin ba ya duba abin da ka rubuta. Abin da yake tambaya kawai, an ambaci SAUTI? In an ambata, sai ya kunna."

"Ko na ce a'a?"

"Ko zaginsa ka yi."

"Halin Innata ke nan," in ji Dogo. "Ka ce ka ƙoshi, ta ji kalmar abinci, ta ƙaro."

Suka canza layin ya riƙa karanta amsar. Suka gwada da e, da a'a, da barin wurin fayau. Kowanne ya yi abin da ya kamata, Dogo ya tura gyaran ga sauran masu haɗa ƙunshi.

Da ya koma shago ya saka sabon, ya ajiye awon gwaji. Shiru. Ya gyara tsayuwa.

"Goggo, kin ji?"

"Ban ji ba."

"To, shi ne aikin."

"Sannu da ƙoƙari."

Ya sunkuya ɗaukar jakarsa, sai ya ga wayar lasifika a bayan tebur, an datse ta da almakashi, an ɗaure bakin da ƙyallen atamfa.

"Goggo, yaushe aka yanke wannan?"

"Ranar da ka tafi."

Ya ce bari ya haɗa ta, ya tabbatar gyaransa ya yi aiki a nan ma. Goggo ta ce kada ya taɓa mata waya, kuma ya matsa, ya tare mata haske.