Taki Arba'in Bayan Shinge

Tun watan Maris Lyle, mijin 'yata, ya hana ni sakat da tambayoyi a kan farautar da zai zo mu yi. Wane takalmi zai saya? Harsashin da yake harbin barewa da shi a Ohio zai iya kayar da elk, ƙatuwar barewar nan mai rassan ƙaho ta dajinmu? In ya haɗu da beyar, ƙaton naman dajin nan mai farata, gudu zai yi ko kwanciya? Na yi ta amsawa har bakina ya gaji. Abu ɗaya ne bai tambaya ba, ni ma tsufa ya sa na manta: ba a harbin dabba kusa da shingen wani.

Ranar farko ta farautar, da hantsi, ya samu wani ƙaton namijin elk. Harbin ya yi kyau, ban raina ba. Sai dai elk ba barewar Ohio ba ce. Da harsashin a ƙirji ya ruga, ya tsallake shinge, ya faɗi matacce a filin kiwon Orval Teague. Taki arba'in ne tsakaninmu da shi, muna hango ƙahonsa a cikin ciyawa.

"Baba, mu tsallaka mana! Ai ga shi can."

"Tsallaka ka gani. Nan filin gwamnati ne, can na mutum. Ka sa ƙafa babu izini, a ƙwace naman, a haɗa da lasisinka na farauta."

"To mu jira?"

"Ka jira wa? In ba a farke cikinsa ba, kafin rana ta karkata ya fara wari."

Orval ƙanin marigayiya matata ne. Shekara goma sha ɗaya ba ma ga maciji, tun ranar da muka yi cacar baki a kan inda za a binne ta. Na dubi Lyle ya riƙe shinge kamar akuya a turke, ga hankaki sun fara shawagi. Raina bai so ba, amma na danna lambar Orval.

"Wa nake ji haka? Vernon, ashe kana da rai?"

Na haɗiye abin da ya taso mini, na yi masa bayani, har da "don Allah".

Sai ya ce: "Yaron ya shigo, mijin 'yar yayata ne. Kai kuwa, ƙafarka ta taɓa ƙasata ka ga hukuma." Ya kashe.

Lyle bai taɓa feɗe ko zomo ba, mahauci yake kai wa. Na faɗa masa sharaɗin Orval.

"Ni kaɗai, Baba?"

"Kai kaɗai. Ina nan, zan riƙa ɗaga murya."

Shekara hamsin ina wannan aiki, yau ga ni a tsaye kamar dogari, kuma na san laifina ne. Na zaro wuƙata, wadda ban taɓa ba kowa aro ba, na miƙa masa ta tsakanin ƙayoyin shingen.

"Yi a hankali, kada ka huda tumbi," na ce. "Tafi, rana na yi."