Jar Mota da Jirgin Ƙarshe

Titi ɗaya ne a tsibirin Tsubashima, shi ma bai kai ko'ina ba. Daga tashar jirgin ruwa yake tashi, ya bi gindin gonakin lemo, ya ratsa ta bayan makarantar da aka rufe, ya yi ta lanƙwasa kamar hanjin kaza, sannan ya dawo da kai inda ka baro. Mu 'yan tsibirin ba mu taɓa ganin laifinsa ba, tunda motocinmu 'yan ƙananan a-kori-kura ne farare, na ɗaukar kwandunan lemo da ragar kamun kifi. Mutum ɗaya titin nan ya ƙuntata wa, shi ne Morihiro, don shi kaɗai ya rasa abin da zai ajiye a rumfar gidansu sai motar tsere.

Bakanike ne a birnin Hiroshima kafin mahaifinsa ya rasu. Ya zo jana'iza da jaka ɗaya, da niyyar in an yi addu'ar kwana arba'in da tara ya koma bakin aikinsa. Sai aka lura tsohuwarsa ta fara ɗora tukunya a wuta ta manta, tana kiran maƙwabta da sunayen waɗanda suka daɗe a ƙasa. Ƙanwarsa Kazuyo tana aure a ƙetaren ruwa, shi kuwa babban ɗa ne, ba mata ba ɗa. Ba wanda ya ce masa ya zauna. A wajenmu ba a faɗin irin wannan magana, kallonka kawai ake yi har ka gane da kanka. Ya gane, ya zauna. Ranar jana'izar ba furfura ko ɗaya a kansa, yanzu kuwa sai ka yi nema kafin ka ga baƙin gashi.

A shekararsa ta biyu da dawowa ya sa aka jawo masa motar a jirgin fito. Mota dai a suna: kujera biyu, dogon hanci, ciki kusan yana shafar ƙasa, ta girmi rabin mutanen da suka taru kallonta, tsatsa kuma ta cinye ƙasanta har kana hango titi ta wajen ƙafar direba. Iwao, matuƙin jirgin, wanda tun suna aji ɗaya bakinsa bai taɓa raga wa Morihiro ba, ya leƙo daga sama ya ce, "Mori, kaji za ka zuba a ciki, ko kifi za ka shanya a kai?"

Morihiro ya tura ta rumfa, ya fara.

Aikin guntu-guntu ya yi shi, tsakanin wankan Inna da abincinta da barcinta na rana. Ya yanke ruɓaɓɓen ƙarfe ya yi walda, ya kankare, ya shafe. Iskar teku kuma ba ta san wahalar kowa ba: inda ya goge da bazara, kafin sanyi ya shigo tsatsa ta sake tofowa. Akwatin giya shi ya fi cin ransa. Ya wargaza shi haƙori-haƙori a kan teburin da mahaifinsa ke ɗinkin raga, ya wanke, ya nemo abin da ya karye daga hannun wani tsohon maigidansa, ya mayar da komai mazauninsa. Giya biyar gare ta. Ranar da ta tashi, ja wur da sabon fenti, har tsofaffin da ba sa jin kira sun ji ta.

To, sai titi ya nuna masa iyakarsa. Ya sa lamba ɗaya, ya sa biyu, yana shiga uku sai ga kwana. In ba kwana ba, ga wata tsohuwa ta turo keken kayan miya a tsakiyar hanya, ko kyanwa ta miƙe tana shan hantsi. Sau ɗaya ya taɓa lamba huɗu a bayan makaranta, kafin ya sauke numfashi ya taka birki. Biyar kuwa bai taɓa jin ta a kan kwalta ba. Ya taɓa ɗage motar a kan jak ya sa ta, tayoyi suka yi ta juyi a iska, ya kashe injin yana jin haushin kansa. Kullum da la'asar yakan kewaya tsibirin ya dawo tasha, Iwao ya ɗaga masa hannu ya ce, "Sannu da zuwa, matafiyi! Yaya mutanen can?"

Ana nan, wata safiya lasifikar ofishin gari ta sanar cewa daga ƙarshen watan Maris babban jirgin fito ya daina aiki. Mutane sun ragu, motoci sun ragu, za a kawo ɗan ƙaramin jirgi mai ɗaukar fasinja kawai. Morihiro yana riƙe da cokalin Inna ya ji sanarwar. Duk motar da ranar ta riska a tsibirin, nan za ta ruɓe.

Ya buga wa Chizuru waya, 'yar ƙanwarsa, wadda tun tana ƙarama in ta zo hutu ba ta da wurin zama sai rumfar nan. Ta aiko masa da lambar mota ta wucin gadi mai jan layi, ta ce akwai wuri a garejin gidansu. Shiri ya tsaya a kan ranar ƙarshe, don sai ranar ce maƙwabciyarsu Goggo Fusae za ta dawo daga asibitin ido ta zauna da Inna. Zai bi jirgin safe, ya hau doguwar hanyar bakin teku da ta miƙe daga tashar ƙetare, ya wuni yana tuƙi, ya damƙa wa Chizuru motar, ya biyo jirgin yamma. Wuni ɗaya tak yake nema. Amma ana jibi tafiyar ya ciro tsohuwar jakarsa daga saman kabad, ya zuba kaya, ya jefa a but, ya ce wa kansa ai ba a san abin da hanya za ta yi ba.

Da safen ranar ya miƙa hannu kan ƙusar da yake rataye makulli, ya shafo bango.

Makulli ɗaya motar ta zo da shi. Ya san halin Inna da ɓoye-ɓoye, don haka ya bi wuraren da ta saba: tukunyar shinkafa, tulun kabejin tsami, ƙarƙashin shimfiɗa, akwatin da hoton Baba yake inda ake kunna masa turare. Goggo Fusae ta shigo da ido ɗaya a liƙe ta taya shi lalube. Inna tana zaune a baranda cikin rigarta mai faɗin hannu, tana kallon teku.

"Inna, kin ga makullin mota?"

"Wace mota? Babanka ya dawo daga kamun kifi?"

"Bai dawo ba tukuna, Inna. Makulli nake tambaya."

"To ka ɗumama masa miya."

Ya koma rumfa ya tsaya a kan motar. Haɗa waya ya tayar da ita ba komai ba ne a wurinsa, amma sitiyari a kulle yake, sai an fasa. Ya ɗauki guduma, ya dubi abin da ya shekara da shekaru yana lallaɓawa, ya ajiye. Yana nan tsaye jirgin safe ya yi ƙaho ya tafi.

Sai da rana, yana ba ta abinci, ya lura da hannunta na hagu. Tun safe yana cikin hannun riga, a dunƙule. Ya ajiye kwano ya kamo shi a hankali. Yatsun sun bushe kamar ƙirare, da ya so da ɗan yatsa ɗaya zai buɗe su.

"Inna, buɗe hannun."

Ta ɗago ta dube shi, ba irin kallon da ya saba gani ba, kallon matar da ta haife shi.

"Morihiro," ta ce. Rabon da ta kira sunansa daidai har ya manta. "Na ga jakar."

"Wace jaka?"

"Kada ka mai da ni yarinya. Wadda ka zo da ita ce ranar da aka ƙone gawar babanka. Wanda zai dawo da yamma ba ya ɗaukar reza da rigar sanyi."

Goggo Fusae ta tashi sum-sum ta tafi duba tukunyar da ba ta kan wuta.

Gaskiya a wannan lokacin ya tsani tsohuwar nan. Ya tsani yadda hankalinta ya tafi ya bar shi da wanki da goge-goge shekara da shekaru, sannan ya dawo daidai ranar da bai kamata ba. A bayan tsanar kuma kunya ce, domin ta faɗi abin da shi ya kasa faɗa wa kansa. Ya fita rumfa, ya ɗauko jakar, ya durƙusa a gabanta ya zazzage. Ya mayar da riguna cikin kabad ɗaya bayan ɗaya tana kallo, ya ajiye reza a bakin madubi, ya cilla jakar inda ya ciro ta.

"Motar kawai zan kai," ya ce. "Da jirgin da na tafi zan dawo. Ni zan ba ki abincin dare."

Ta buɗe hannun. Makullin ya yi ɗumi, haƙoransa sun yi mata shaida a tafin hannu. Yana ɗauka ta mai da ido kan teku ta ce, "Babanka ya dawo?"

Da yamma duk tsibirin ya sauko tasha yin ban kwana da jirgin. Aka yi ta miƙa dogayen zirin takarda masu launi daga jirgi zuwa hannun na ƙasa, kamar yadda ake yi wa malamin da aka yi wa canjin wurin aiki, jirgi yana ja suna tsinkewa. Jar motar ce kaɗai a cikinsa. Morihiro bai fito ba, ya zauna riƙe da sitiyari har suka ƙetare.

Aka sauke ƙofar jirgi ta zama gada. Ya gangara da lamba ɗaya, ya taka ƙasar ƙetare, ya lallaɓa har bakin ƙofar tasha. Ga hanyar nan a gabansa, shimfiɗe, faɗi guda, ta miƙe a gefen teku har inda ido ya gaza. Ba kwana, ba kyanwa.

Chizuru ta ƙwanƙwasa gilashi. "Haba Kawu! Tun safe nake nan, har masu shara sun san sunana."

"Kakarki ce ta riƙe ni."

Daga saman jirgi Iwao ya ƙwala kira: "Mori! Ba kwana zan yi a nan ba, ruwa yana janyewa!"

Chizuru ta dubi jirgin, ta dubi fuskar kawunta, ta rage murya. "Kawu, ka tafi abinka. Ni in bi jirgin in kwana da Kaka, gobe ka biyo ƙaramin."

"Ba za ta ci daga hannunki ba. Ba ta ma san ki ba yanzu."

"To ko zuwa waccan fitilar ka je ka juyo. Yanzu-yanzu ne."

Ya dubi fitilar. Ya san in ya sa biyar a hanyar nan, ba fitilar da za ta juyo da shi. Ya ja birkin hannu, ya fito ya bar injin yana aiki, ya riƙe mata ƙofa.

"Shiga. Ki jira sai mun fita daga tasha, inda zan iya hango hanyar. Kuma kada ki tausaya mata, kin ji ko? Kada ki canja sai kin ji ta buɗe murya. Kuloci yana kamawa a sama. Biyar tana can dama, ki tura gaba, ba da ƙarfi ba."

"Kawu..."

"Ki riƙa wanke mata ƙasa. Gishiri ya shiga jikinta."

Ya koma jirgi a ƙafa, hannu a aljihu. Wurin motoci fayau, sai ɗigon mai ɗaya inda ta tsaya. Ya hau sama ya kama ƙarfen baya. Jirgin ya ja, tsohon injinsa yana girgiza komai, ƙararsa ta cika kunne. Can ya hango ɗan jan abu ya fito daga ƙofar tasha ya hau hanya. Yana gani, amma ba ya jin komai sai gurnanin jirgi. Ya daki ƙarfen da tafin hannu.

Sai jirgin ya yi tsit.

Ya waiga. Iwao yana tsaye a ƙofar ɗakin tuƙi, yana kallon wani wuri daban kamar ba shi ya kashe ba. Ruwa yana ɗan marin gefen jirgi, kuma ta kan ruwan muryar motar ta iso, tas. Biyu ce, ya san ta. Ta ɗaga, ta yanke, ta kama uku, wadda ya ƙare rayuwarsa a cikinta. A nan kunnensa ya saba jiran birki, har kafaɗunsa suka ɗaure. Ba birki. Ta ci gaba da hawa, ta shiga huɗu, ta ja ta da tsawo, ta buɗe wata murya da bai taɓa sanin tana da ita ba. Sannan ɗan shiru, kamar an ja numfashi, sai sautin ya sauko ƙasa, ya daidaita, ya miƙe sumul ba kakarewa. Jan ɗigon ya yi ta ƙanƙancewa a gefen teku. Morihiro ya tsaya da baki a buɗe, hawaye yana shiga ciki, yana saurare har bayan da babu sauran abin ji.

"Ta shiga biyar?" in ji Iwao.

"Ta shiga."

"To madalla. Ashe ba ta kaji ba ce." Ya share hanci da bayan hannu. "In tayar?"

Morihiro ya juya ya dubi gaba. Tsibirin yana nan inda suka bar shi, fitilun tasha sun fara kamawa, a sama da su kuma ga tagar gidansu, Goggo Fusae ta kunna wuta.

"Tayar," ya ce. "Lokacin abincinta ya yi."